Ruwa na dawowa ta tsakar gidan da za a saya, ina matsalar take?

Assalamu alaikum. Masana harkar gini da famfo, a taimaka da shawara.

Gida ne a Unguwar Rimi, ɓangaren da ya gangara wajen kogin Kaduna. An daidaita kuɗi, saura biya, sai gwajin ruwa ya tsayar da magana.

An tuttula bokiti biyar a banɗaki a jere. Maimakon ruwan ya wuce sokawe, sai ya ɓullo ta ramin dubawa na tsakar gida, ya kwanta kusan minti 20 kafin ya janye. An zura waya cikin bututun, mai inci 4 ne, ba ta ci karo da komai ba. An ɗaga murfin sokawe, bai cika ba, da sauran kamar ƙafa biyu. Zargina gangaren bututun ne, tunda ya kamata ya sauka santimita 2.5 a kowace mita, amma yana ƙarƙashin siminti. Ta yaya ake auna shi ba tare da an fasa daɓen ba?

Abin da ya fi damuna ma, tsakanin sokawen da rijiyar burtsatse mita 9 ne kacal, alhali mita 30 ake so. Ruwan garau yake, sai dai ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Gwajin da aka yi yanzu da rani zai nuna abin da zai faru a watan Agusta, in ƙasa ta ƙoshi da ruwa?

Ga kuma layin danshi a gindin katanga, tsayin bulo biyu, an shafe shi da sabon fenti. Dillali ya ce feshin ruwan sama ne. Akwai yadda za a bambance shi da shatin ambaliya?