Neman kalma: me za mu kira rizolushan na allon kwamfuta?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ɗan littafin koyon kwamfuta nake fassarawa, gobe da safe zan miƙa, na zo babin gyaran allo na maƙale. Girman rubutu ba matsala. Amma rizolushan fa? Manhajar fassara cewa ta yi "ƙudurin allo", sai ka ce Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta zauna a kansa.

Malamar Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ni a aji "kaifin hoto" nake cewa, kuma ɗalibai na ganewa nan take.

Injiniya: Malama, a gafarce ni, kaifi sakamako ne. Shi abin ƙidaya ce kawai: ɗigo nawa a kwance, nawa a tsaye. Idan aka ce 1920 sau 1080, ɗigo 2,073,600 ke nan. Zuba wannan adadin a allo mai inci 24, hoto ya fito tas. Kai shi allo mai inci 40 ka zauna daf da shi, har ɗigon za ka riƙa gani. Adadi bai canza ba, kaifi ya canza. Ni dai "yawan ɗigon allo".

Baba Mai Nahawu: Kalma uku don abu ɗaya? Ku ce "ɗigallo". Ɗigo da allo, an gama. Shekara biyu ke nan ina faɗa, ba mai ji.

Malamar Kwamfuta: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ɗigallo kamar sunan tsuntsu.

Baba Mai Nahawu: To ita fiksel ɗin da kuke ji da ita fa, wato sunan ɗigon allo a Turanci? Bature ma kalma biyu ya haɗa, hoto da ɓangare, ya yanke musu wutsiya. In ya yi a ce ilimi, in mun yi a ce tsuntsu.

Ɗan Ba-ruwana: Ku bar wahalar da kanku. Duk mai gyaran kwamfuta rizolushan yake cewa, mai saye ma haka. A rubuta yadda ake faɗa.

Baba Mai Nahawu: Da irin wannan lalaci harshe ke mutuwa, yaro.

Ɗan Ba-ruwana: Ranka ya daɗe, allon da ke cikin ɗigallo daga Larabci muka aro shi, hoto kuma daga Turanci. Har yau Hausa ba ta mutu ba.

Baba Mai Nahawu: Waɗancan sun kwana sun tashi a gidanmu. Wannan baƙo ne da ko takalmi bai cire ba.

Mai Fassara: Don Allah, gobe ne fa.

Injiniya: Abin da ya fi damuna, kada littafin ya gauraya abu biyu. Mutum ya ga rubutu ya yi masa ƙanana, sai ya rage ɗigon allo, komai ya kumbura amma ya yi dishi-dishi, domin kowane allo na zamani da adadin da aka ƙera shi da shi. A Windows, barin adadin nan ake yi yadda yake, a ƙara ma'aunin girma zuwa kashi 125 ko 150. In shafin intanet ne kaɗai, danna maɓallin Ctrl tare da alamar tarawa ya isa ya ƙara girman rubutu, Ctrl da sifili ya mayar da shi. Wanda aka koya wa "kaifin hoto" ba zai gane me ya sa rage shi ke ƙara girman rubutu ba. Wanda aka ce wa yawan ɗigo zai gane.

Malamar Kwamfuta: Wannan kam na sallama. Amma a aji ba zan bar kaifin hoto ba, yara sun saba.

Mai Fassara: To na tsayar: "yawan ɗigon allo", "girman rubutu", "ma'aunin girma". A karon farko zan ambaci rizolushan, saboda wanda zai je wurin mai gyara.

Baba Mai Nahawu: Ɗigallo fa?

Mai Fassara: Zan sa shi a jerin kalmomi na ƙarshen littafi, Baba, in mai bugawa bai cire ba.

Baba Mai Nahawu: A sa da manyan baƙaƙe.