Muhawara: Shin mai shan clopidogrel ya guji omeprazole ɗungurungum?

Mai harhaɗa magunguna: Ina nan kan bakana cewa bai kamata a haɗa su ba. Clopidogrel, wanda ake ba waɗanda suka samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki domin hana jini daskarewa, ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi da sinadarin CYP2C19, omeprazole kuwa, wato maganin gyambon ciki (olsa), danne wannan sinadarin yake yi. Shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2009, har ta ce raba lokacin shansu ba ya magance matsalar.

Likitan zuciya: Malam, ban musa gargaɗin ba, amma a gwajin COGENT da aka wallafa a 2010, masu shan clopidogrel da aka ƙara wa omeprazole zubar jini a ciki ya ragu gare su, kuma ba a ga bugun zuciya ya ƙaru gare su ba.

Mai harhaɗa magunguna: Likita, ai gwajin nan an tsayar da shi tun bai kammala ba, saboda kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ya durƙushe. Ba zan ɗora ran mutum a kansa ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ku gafarce ni, ni abin da ya fi tayar mini da hankali daban ne. Dattijo yana kan clopidogrel da asfirin, gwiwa ta dame shi, sai ya aika yaro kemis a sayo maganin ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen, bayan 'yan kwanaki a kawo shi a galabaice, bahayarsa baƙa ƙirin kamar kwalta saboda zubar jini a ciki. Irin wannan majiyyacin, musamman mai tsohon gyambon ciki, hana shi maganin kare tumbi ma haɗari ne.

Likitan zuciya: Gaskiyarki, Hajiya. Ni pantoprazole, wani maganin kare tumbin, nake rubuta wa irinsu, domin tasirinsa a kan sinadarin CYP2C19 bai kai na omeprazole da ɗan'uwansa esomeprazole ba. Abin da ba zan lamunta ba shi ne wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya ya ajiye clopidogrel da kansa saboda ya ji wannan magana, domin jijiyar tana iya sake toshewa. Ko tiyata za a yi, likita ne ke tsayar da shi, galibi kwana 5 kafin aikin.

Mai harhaɗa magunguna: To, Likita, a riƙa rubuta sunan pantoprazole ɓaro-ɓaro a takarda, domin idan aka ce wa majiyyaci ya nemi maganin olsa kawai, omeprazole za a miƙo masa a kemis.