Wace kalma za mu ba wa "concussion" a Hausa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Wata ɗaliba mai karatun gashin ƙashi ta dawo daga ziyarar karatu a Amsterdam ta ƙasar Holan, inda da safe suke zaman tattaunawa a kan raunukan 'yan wasa, da yamma kuma su shiga kwale-kwale su zaga magudanan ruwan birnin ko su leƙa filin wasan Ajax. Da ta zo rubuta rahotonta da Hausa, labarin yawon buɗe ido ya tafi sumul, amma ta cije a kan kalmar da aka fi maimaitawa a zaman, wato "concussion", raunin da ke rikita aikin ƙwaƙwalwa bayan duka mai ƙarfi. A birnin ne kuwa masana suka yi taronsu na duniya karo na 6 a kan wannan rauni a 2022, bayan na farko da aka yi a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 2001.

Kalmar da ke fara zuwa baki ita ce suma, kuma ita ce mafi haɗari, domin akasarin waɗanda abin ya samu ba sa suma ko kaɗan. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya sha karo a ka, ya miƙe ya ci gaba da buga ƙwallo, can sai ga shi yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Idan muka ce suma, koci zai ga yaronsa tsaye da ƙafafunsa ya ce ai lafiya lau yake. Haka ma a fagen dambe: ana lissafa kisa ne idan mutum ya kai ƙasa, amma wanda ya sha naushi a muƙamuƙi, ya tsaya yana layi idanu a waje, shi ma abin ya riga ya same shi.

Rotse yana nufin fashewar kai da jini, alhali a nan sau da yawa ko hoton asibiti ba ya nuna komai. Jiri da ɗimuwa alamu ne kawai, kamar ciwon kai da amai da mantuwa. Buguwar kai ta matso kusa, sai dai dukan yana iya sauka a wuya ko a ƙirji, ƙarfinsa ya fizgi kai. Taɓin ƙwaƙwalwa kam kada ma a kawo shi, don ba uban da zai yarda a kira ɗansa da wannan suna.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma idan aka fizgi kai da ƙarfi sai ta kaɗu a ciki, aikinta ya rikice na ɗan lokaci. Asalin kalmar ma a Latin girgizawa yake nufi. Wani malami ya fi son jijjiga, amma a kunnena jijjiga abu ce mai maimaituwa, ta rarrashin jariri, ita kuwa girgiza kowa ya san nauyinta daga girgizar ƙasa.

Tun daga Yulin 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka ba gasa damar ƙara canjin ɗan wasa saboda wannan rauni, don haka masu sharhin wasanni a rediyo suna buƙatar kalmar yanzu. Su gwada cewa "an fitar da shi bisa zargin girgizar ƙwaƙwalwa", mu ji ko ta zauna a baki.