Wutar lantarki tana ƙarfafa bakteriyar tace ruwa ne, ko kashe su take yi?

Ɗaliba, Gwagwalada:
Assalamu alaikum. Ina gwajin kammala digiri a kan lakar bakteriya irin wadda ake amfani da ita a matatar ruwan ƙazanta ta Wupa da ke Abuja. Na karanta cewa wutar lantarki tana ƙara wa bakteriya kuzari, sai na tsoma sandunan girafait (irin baƙin abin da ke cikin fensir) guda biyu cikin kwalba, na jona su da cajar waya mai volt 5. Bayan kwana biyu lakar ta daina kwantawa a ƙasa, ruwan ya dagule, yana warin kulorin. A ina na kuskure?

Injiniya, Idu:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wutar ce ta yi yawa. A lissafi, daga volt 1.23 ruwa yake fara rabuwa zuwa haidurojin da oksijin, kuma idan akwai gishiri a ciki, kamar yadda ba a raba ruwan ƙazanta da shi, sandar fozitif tana mayar da shi kulorin, wato maganin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a ruwan famfo. Ga kuma tsami da ke taruwa a jikin sandar. Ki sauko ƙasa da volt 1, ki riƙa auna wutar da mita.

Malami, Jos:
Injiniya ya yi gaskiya a kan kulorin, amma ina ganin matsalar ta fi nan zurfi. Ba kowace bakteriya ce ke amfana da lantarki ba. Irin su Geobacter, waɗanda Derek Lovley ya gano a lakar kogin Potomac na Amurka a 1987, suna miƙa wa sanda ilektiron yayin da suke cin datti, amma sai inda babu oksijin suke aiki, alhali lakar da kika ɗauko da iska ake rayar da ita. Wasu bakteriya masu cire naitiret kuwa, wato wani sinadarin naitirojin da ke gurɓata ruwa, haidurojin ɗin da ke fita daga sandar nagetif suke ci, saboda haka su suna buƙatar ruwan ya ɗan rabu, da wuta 'yar kaɗan. Sannan sai an yi makonni kafin su yi yauƙi a jikin sanda, kwana biyu ba ya nuna komai.

Ɗaliba, Gwagwalada:
Na gode, Malam. Naitiret nake son cirewa, don haka zan toshe bakin kwalbar don hana iska shiga, tunda masu cire shi ma sai inda babu oksijin suke wannan aikin, in ajiye wata marar wuta a gefe domin kwatanci.