Tarawa da ɗebewa a guntayen lambobi masu alamar ragi

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum malamai. Don Allah a warware mini wannan: −3/4 − (−5/6) + (−1/3). Ni −23/12 nake samu, amma amsar da ke bayan littafi −1/4 ce. Na mai da lambobin ƙasa duka 12, to daga nan ne ban san inda abin ya kuɓuce mini ba. Sannan idan cikakkiyar lamba ta zo da guntu, kamar −2 1/3, yaya ake yi da alamar?

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Goma sha biyun da ka samo daidai ce, domin ita ce mafi ƙanƙantar lambar da 4 da 6 da 3 duk za su raba ba saura. Uku bisa huɗu ta zama 9/12, biyar bisa shida ta zama 10/12, ɗaya bisa uku ta zama 4/12. Aikin guntaye ya ƙare ke nan. Abin da ya rage maka lissafin alamu ne kawai, kuma a nan ka yi tuntuɓe: ka tara 9 da 10 da 4 ka samu 23, sai ka manna musu ragi, kamar dukkansu hanya ɗaya suka nufa.

Ka ɗauki lamba mai ragi a matsayin bashi. Ana binka 9. Sai aka ce a ɗebe maka bashin 10. Wanda aka yafe wa bashi ai ƙaruwa ya yi, shi ya sa − (−10) take komawa +10. Daga baya aka ƙara maka bashin 4, wato + (−4), wanda yake −4. Yanzu layin sama ya zama −9 + 10 − 4. Bi shi daga hagu: −9 + 10 = 1, sannan 1 − 4 = −3. Ka samu −3/12. Raba sama da ƙasa da 3, sai ga −1/4.

Shawarata, ka riƙa gyara alamu tun kafin ka nemi lambar ƙasa. Sake rubuta tambayar ba baka ko ɗaya: −3/4 + 5/6 − 1/3. Kuma ka ajiye ragin a jikin lambar sama. −3/4 da 3/−4 abu ɗaya ne, amma idan ka bar ragi a ƙasa, zai ɓace maka a tsakiyar aiki.

Mai Alli:
Malama ta gama da ta farko. A kan −2 1/3, ƙanena, ragin nan ya hau kan 2 ɗin da sulusin baki ɗaya, bashin biyu ne da sulusi. Rufe alamar da yatsa, ka yi 2 sau 3 ka ƙara 1, ka samu 7/3, sannan ka ɗage yatsa: −7/3. Masu cewa −2 sau 3 ya ba da −6, a ƙara 1 ya zama −5, su ne suke faɗawa −5/3, kuma ba ita ba ce.

Akwai wani ramin da ya fi wannan cin ɗalibai. Gwada 1 1/2 − 3 2/5. Mai gaggawa zai ce 1 − 3 = −2, rabi a ɗebe 2/5 saura 1/10, sai ya jera su ya rubuta −2 1/10. Ko kusa. Ɗaya bisa goman nan riba ce, ba bashi ba, don haka −2 + 1/10 ne, wato −1 9/10. In kana son kauce wa wannan rikici, narkar da su tun farko: 3/2 − 17/5 = 15/10 − 34/10 = −19/10.

Sai kuma haddar nan ta "ragi da ragi ƙari ne". Tana aiki a sau da rabawa, ko inda alamu biyu suka haɗu kafaɗa da kafaɗa kamar − (−5/6). Amma −1/4 − 1/2 bashi ne a kan bashi: −1/4 − 2/4 = −3/4.

Almajirin Fara'il:
Allah ya saka wa malamai. Wanda ya zauna gaban malamin rabon gado ya san wannan neman lambar ƙasa, sunanta asalin mas'ala. Matar mamaci tana da sumuni idan akwai 'ya'ya, uwa tana da sudusi, to 1/8 da 1/6 ba sa taruwa sai an kai su 24: 3/24 + 4/24 = 7/24, saura 17/24. Ba a taɓa cewa 8 da 6 sun zama 14 ba.

Har ragin ma yana fitowa. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa: miji rabi, su kuma sulusi biyu. 3/6 + 4/6 = 7/6. Ɗebe wannan daga dukiya ɗaya, 6/6 − 7/6 = −1/6, ma'ana dukiyar ta gaza da sudusi. Wannan giɓin ne malamai suke magancewa da auli, a mai da asali daga 6 zuwa 7.

Ɗan Aji Biyu:
Na gode ƙwarai. Ashe a − (−5/6) na zame. Akwai yadda zan tabbatar da amsa a ɗakin jarrabawa, inda babu bayan littafi?

Malamar Lissafi:
Akwai. Ware masu ƙari gefe, masu ragi gefe. A tambayarka ƙari 10 ne, ragi 9 da 4 sun zama 13. Ragi ya rinjaya da 3, don haka dole amsa ta fito da ragi, kuma ƙarama. Da ka yi haka, da ganin 23 ka san ta yi yawa. Ko ka mai da su ɗigo: −0.75 + 0.83 − 0.33 ya ba da −0.25, wato kwata mai ragi. Gwada 2/3 − (−1/4) − 1 1/2 da hanyoyin biyu ka kawo mu gani.