Wankin ƙoda kyauta: ya isa a ce an kula da mara lafiya?

Malam Sani: Ni dai a ganina, ƙasar da ta ɗauke wa mai ciwon ƙoda kuɗin wanki ta gama masa komai. Ku dubi Amurka, duk da tsadar asibitinsu: tun 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta sa Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, biyan kuɗin wankin ƙoda, ko mutum bai kai shekara 65 ba. Kafin nan, a Seattle, kwamiti ne ke zama ya zaɓi wanda za a ɗora a na'ura, sauran su koma gida jiran ajali.

Hajiya Binta: Malam, "ta gama masa komai" ɗin nan ta yi yawa. Maigidana shekara huɗu ke nan yana wanki. Sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa, ya dawo a galabaice, ruwan sha ma sai an auna masa. Ana raye, amma a ɗaure.

Usman: Gaskiyar Hajiya. Dashe ne mafita, kuma a kan dogon zango ya fi wanki arha. Shi ya sa nake jinjina wa Sifaniya. A 1989 suka kafa hukumar dashe ta ƙasa, suka zuba jami'ai a asibitoci masu zama da dangin mamaci don neman a ba da gaɓoɓinsa. Yau suna sahun gaba a duniya wajen samun gaɓoɓi.

Malam Sani: To wanda ke layin jiran ƙoda fa, da me zai rayu kafin ta samu? Wankin dai.

Hajiya Binta: Ba wanda ya ce a rufe ɗakin wanki, Malam. Cewa muka yi kada a tsaya nan.

Aminu: Ku bar kwana-kwana, a yi irin na Iran. Tun 1988 suke biyan mai ba da ƙoda.

Usman: Yaya Aminu, wa ke sayarwa? Mai kuɗi ba ya yanka cikinsa don kuɗi. Talaka ne da bashi ya shaƙe.

Aminu: Shi ma mai jiran ran gare shi.

Hajiya Binta: Ni Thailand ce ta burge ni. A 2008 suka fara da wankin da ake yi a gida ta hanyar zuba ruwan magani a cikin majinyaci ana sauyawa, don kuɗin gwamnati ya kai ga kowa. Maigidana da ya ji, tambaya ɗaya ya yi: wa zai riƙa sauya masa ruwan sau huɗu a rana?