Musayar Waƙa: Nawa Ne Kuɗin Shekara Guda a Kurkuku?

Sha'irin Dare:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Labarin Iwao Hakamada na Japan ya hana ni barci. An yanke masa hukuncin kisa a 1968, aka sake shi a 2014, kotu ba ta wanke shi ba sai 2024, yana ɗan shekara 88. Ta ce masu bincike ne suka ƙirƙiri shaidar.

Ya shiga da baƙin gashi sumul,
Ya fito furfura ta rufe kansa,
Kullum kunne na jiran mai rataya,
Har hankali ya gudu ya bar jikinsa,
Yen miliyan 217 aka ba shi,
Wa zai sayar masa da ƙuruciyarsa?

Gwanin Amshi:
Sha'irin Dare share hawayenka,
Kuka ba ya cika tukunya,
Ka ce kuɗi ba sa sayen jiya,
To a haɗa masa yunwa da kunya?
Hukumar da ta tura shi ciki,
Ita za ta zura igiya a rijiya.

Uwar Marayu:
Gwani ka gama magana, Allah ya ƙara basira! Ku ji na Ingila. Andrew Malkinson ya yi shekara 17 a kan laifin da bai aikata ba, gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 2023. A lokacin ana iya cire kuɗin ci da kwana daga diyyar mutum. Sai da jama'a suka yi ca aka soke tsarin.

Ku ji ta'asa, ku ji ƙarfin hali,
Ka kulle mutum ka ce ya biya haya,
Ka ci shekarunsa, ka ci sunansa,
Ka zo da lissafin tuwo daga baya!

Malam Mai Awo:
A gafarce ni. Sha'irin Dare, ɗangonka na biyar ya karye. Karanta lambar nan da baki ka ji yawan gaɓoɓinta, ba karin da zai ɗauke ta. Kai ma Gwani, "kunya" da "rijiya" amsa-amon ya yi rauni.

Gwanin Amshi:
Malam, duka da "ya" suka ƙare. Babban amsa-amo ke nan, koma ka duba.

Malam Mai Awo:
Harafi ya dace, kunne bai yarda ba.

Sha'irin Dare:
Malam riƙe ma'auninka,
Gida na ci kana ƙirga azara,
Yayarsa Hideko ta tsufa a kotu,
Ba ta tsaya awon kari ba da kara,
In ɗangona ya yi ɗingishi,
Ƙafar mai sarƙa ce ta fara.

Uwar Marayu:
Kai! Yau Malam ya taɓo gidan rina.

Ɗalibin Malam:
Ba wani gidan rina. Malam ya fi ku gaskiya, waƙa ba kari ai zube ce. Kuma Hajiya, ke kullum bayan Gwani kike, ko tari ya yi sai kin ce ya burge.

Gwanin Amshi:
Yaro bari manya su gama,
Kai da ko ƙwar biyu ba ka ɗaura,
Texas ta Amurka na biyan dala dubu 80,
Kowace shekarar da aka ɗaure ka a ƙyaura,
Wata jihar ko sisi ba doka,
Sai ka kai ƙara, ka jira, ka saura.

Malam, ga wata lambar, auna.

Malam Mai Awo:
Na auna, ta fi ta farko karyewa. Kuma "ka saura" me ke nan? Cikon amsa-amo ne kawai.

'Yar Auta (bayan kwana biyu):
Na makara, ku yi haƙuri. Ni ban iya kari ba. Yayana ya yi shekara tara a kan shaidar zur kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi. Har yau ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

An buɗe ƙofa an ce tafi,
Ba takarda, ba kuɗin mota,
Inna ta rasu yana ciki,
Matarsa ta gaji ta koma gidan babanta,
Ya je neman aiki an ce tsohon fursuna,
'Yarsa na ɓuya in ya kira sunanta.

Sha'irin Dare:
Allah ya saka masa, ƙanwata. Ya samu lauya kuwa?

Malam Mai Awo:
Wannan ba zan auna ba. 'Yar Auta, ku nemi kwafin hukuncin da ya wanke shi daga rajistaran kotun, da shi lauya zai fara neman diyya. Gwani, maganar "ka saura" tana nan, ina jiran ka.